Yadda Na Zama Wace-Ƙasa

Ku 'ya'yana, da ku jikoki da kuka fara iya karatu, na san kun sha jin ana kirana Wace-Ƙasa a kasuwar Bagudo. Na kuma san akwai wanda a cikinku ya taɓa fasa wa ɗan mutane baki a kan wannan suna. Ba zan faɗi ko wane ne ba, ya san kansa, yanzu har furfura ta fara fito masa. Abin da aka gaya muku shi ne wai a shekarar da aka ba mu mulkin kai, ni Haliru na sace wutar lantarkin biki na sayar wa surukaina a Dahome, ƙasar da yanzu kuke kira Benin. Na daɗe ina jin wannan magana ina dariya, wani lokaci kuma ina jin ta kamar an watsa mini barkono a ido. Yanzu da ƙafa ta ƙi zuwa ko'ina sai masallaci, bari in zauna in gaya muku yadda aka yi.

A wancan zamani babu garin da ke da lantarki a duk ƙasarmu. Abin da ake da shi wata gonar gwaji ce ta shinkafa a fadamar Kwara, ƙasa da garinmu Kende, inda aka yanka wa manoman gari kowa nasa yanki. An kewaye gonar da ganuwar ƙasa don tare ruwan gulbi, aka gina ɗakin inji a kan tudu, aka ja wayoyi uku bisa turaku suka ratsa fadama har zuwa famfunan da ke zuƙe ruwa idan ya yi yawa a cikin gona. Ni na koyi aikin wuta a birni, na yi 'yan shekaru ina yi a can, da na ji ana neman mai kula da layin gonar sai na tattaro na dawo gida. Mutane kan tako tun daga Geza da Bahindi don kawai su ga ƙwan lantarkin da ke ƙofar ɗakin inji. Wata tsohuwa ta taɓa hura shi har kumatunta suka gaji, ta ce wannan fitila ba ta da kunya.

Dole in ɗan koya muku aikina, in ba haka ba ba za ku gane sauran labarin ba. Yawancin layukan birni ana ɗaure su da ƙasa, ta yadda da zarar waya ta taɓa ƙasa wuta za ta ɗauke nan take. Namu ba a ɗaure shi ba, da gangan, don kada ƙaramin laifi ya tsayar da famfo a tsakiyar ambaliya. Dabara ce mai kyau, amma tana da farashinta. Wayoyin nan uku kamar duwatsun murhu suke, tare suke ɗauke da tukunya. Idan ɗaya ta taɓa ƙasa, inji ba ya tsayawa, ƙwai ba ya mutuwa, kowa ya ga kamar lafiya lau, alhali nauyin ya koma kan biyun da suka rage. Ranar da ta biyu ta taɓa ƙasa a wani wuri dabam, to wuta ta samu hanya ke nan, za ta bi ta cikin ƙasa da ruwa daga waccan zuwa wannan da dukkan ƙarfin inji, kuma duk abin da ta tarar a tsakani, mutum ko saniya, ta cikinsa za ta wuce.

Saboda haka aka kafa wata na'ura a bangon ɗakin inji, mu ma'aikata muna ce mata rile. Akwati ne mai fitilu uku da ƙararrawa. Idan layi na lafiya, fitilun uku suna ci daidai wa daida. Idan waya ɗaya ta taɓa ƙasa, tata fitilar ta dushe, biyun su ƙara haske, ƙararrawa ta kama ihu. Ba ta kashe wuta, ba ta kuma faɗin inda laifin yake, tona asiri kawai ta iya. Shi ya sa na raɗa mata suna Gwaggo.

Gwaggon gaske kuwa tana gida. Ita ce Gwaggo Tumba, yayar Babana, mai sayar da bandar kifi, wadda idan ta ji magana da hantsi, kafin azahar maganar ta yi 'ya'ya da jikoki. Ba muguwa ba ce, Allah ya jiƙanta, bakinta ne dai ba shi da marfi. Sai Babana, Malam Altine, wanda shi ke jan gayya a duk lokacin da ganuwa ta nemi gyara, mutum mai tsadar magana. Sai mahaifiyarku Ramatu, Badendiya daga ƙetaren iyaka, lokacin tana sabuwar zuwa gidanmu. Iyaka a wajenmu ba wani abu ba ne, hanyar ƙafa ce da kowa ke bi da taba da atamfa a ƙarƙashin buhun gero, kuma rabin garinmu yana da kawu ko gwaggo a can. Su mutanen Dahome sun riga mu samun 'yanci da ɗan lokaci, don haka duk sanda yayyen Ramatu suka zo sai sun tsokane mu, wai ƙanne ne mu a wajen 'yanci, mu riƙa gaishe su.

Wannan tsokana ce ta sa manyan gari suka ɗaura ɗamara. Suka ce bikin 'yancinmu sai ya fi nasu, kuma abin da zai sa ya fi shi ne lantarki. Aka roƙi manajan gona, Malam Sa'idu, ya yarda a ja wuta zuwa filin da ke gefen tudu. Aka tono wata tsohuwar waya mai kauri a sito, aka shimfiɗa ta bisa ƙasa, aka kafa ƙaramin taransifoma, na rataya ƙwayaye a kan gora kewaye da fili. Ban so wayar nan ba tun farko, fatarta ta tsufa, amma ita ke akwai. Shi Malam Sa'idu mutumin gabas ne, mai kirki, kuma bai daɗe da karɓar gonar daga hannun Baturen da ya tafi ba. Ido na kansa ta ko'ina, kowa na jira ya ga ko baƙin mutum zai iya riƙe abin da Bature ya bari. Na faɗi wannan don kada ku tsane shi.

Ranar biki da hantsi ina cikin share ɗakin inji, sai Gwaggon bango ta fasa ihu. Na ɗaga kai, fitilar tsakiya ta dushe, biyun suna haske kamar idon kyanwa. Na ruga rumfar da aka kafa a fili, inda manaja ke zaune da dattawan biki, mata kuma na gefe suna girki, har da Gwaggo Tumba.

Na durƙusa na ce, "Ranka shi daɗe, akwai matsala. Wuta na gudu ƙasa."

A bakin ma'aikata wannan magana ce ta kullum. Amma wani dattijo ɗan kasuwa, wanda ya ƙare rayuwarsa yana wasan ɓuya da 'yan kwastan, ya karkato hula ya dube ni.

"Wace ƙasa?" in ji shi. "Ta surukanka?"

Rumfa ta kwashe da dariya. Ni ma na yi murmushi, ban san an raɗa mini suna ke nan ba. Malam Sa'idu ya ja ni gefe.

"Injin yana tafiya?"

"Shina tahiya."

"Famfo yana zuƙa?"

"Shina zuƙa."

"To ina laifin, Malam Haliru? Ai don irin wannan aka yi layin haka. Ka rufe wa ƙararrawar baki, a gama biki, jibi ka bi layi a tsanake."

Gaskiya maganarsa ba ta kauce wa ƙa'ida ba. Aikinmu ya yarda a ci gaba da laifi ɗaya na ɗan lokaci, muddin ana nemansa. Na koma na danna maɓallin da ke sa ƙararrawa shiru, na bar fitilun suna harara ta. Zuciyata dai ba ta kwanta ba, don ruwa ba ya tsami banza.

Da azahar na je gida cin abinci, na tarar Baba ya dawo daga fadama jiƙe sharkaf, laka har ƙugu. Kwara ta cika ta batse a makon nan, ganuwa ta fara tsiyaya a wani lungu, shi kuwa gulbi bai san biki ba. Tun asuba Baba ya kwashi majiya ƙarfin gari suna cikin ruwa suna toshewa, kuma ya ce za su koma har sai duhu ya kore su. Yana cin tuwo yana yi wa Gwaggo hira, abin da ba ya cika yi ba.

"Bana minjirya ta yi yawa ga ganuwa," ya ce. "Ta bugi Ɗan Illo har sau biyu. Ni ma na ji ta ga ƙahwa. Mun lalaba ba mu kama ko guda ba."

Ku 'yan birni ba ku san minjirya ba. Kifi ne mai santsi wanda idan ka taɓa shi sai ka ji ya girgiza ka har kafaɗa. Duk ɗan bakin gulbi ya san bugunsa tun yana yaro, ba wanda ke tsoronsa, dariya ma ake yi wa wanda ya buga. Lomar da ke hannuna ta koma cikin akushi.

"Baba, wane wuri na ga ganuwa?"

"Wajen turken wayarku, inda ruwa ka tsiyaya."

"Baba, don Allah ka hid da mutane daga ruwan ga. Ba minjirya ba ta. Wuta ta."

Ya dube ni kamar na zage shi.

"Tun ba a haihe ka ba nike shan bugun minjirya, yau kai za ka koya mini ita? In munka hito, wa ka tare gulbi? Kai da ƙwayayenka?"

Na yi magiya, na yi bayanin duwatsun murhu, na yi rantsuwa. Ya wanke hannu, ya ɗauki magirbinsa ya fita. Gwaggo ta bi bayansa da kwandon kifi, kuma na san inda maganata za ta kwana. Na zauna a tsakar gida. Yanzu na san inda waya ta farko ta kwanta, tana cikin ruwan da ubana da samarin garinmu ke tsaye. Na kuma san da magariba za a kunna tsohuwar wayar fili, ga raɓa, ga nauyin da ya riga ya hau kan wayoyi biyu. Idan ta huje, ita ce ta biyu. Tsoro na ji, tsoro na gaske.

Mahaifiyarku tana bakin murhu, duk ta ji. A lokacin Hausarta ba ta gama nuna ba, tana magana tana tsinto kalmomi ɗaya ɗaya.

"Maigida, in ka kashe wutar, mi za a yi?"

"Za su zage ni. Wataƙila a kore ni. Famfo ma zai tsaya, shinkafar gangare ta nutse, har da ta Baba."

"In ba ka kashe ba?"

"Wataƙila ba abin da zai faru. Wataƙila kuma a kwaso su a kan tabarmi."

Ta juya miya.

"Zagi dai na iya ɗauka," ta ce. "Zaman makoki cikin gidan ga na ban iya ba."

Na koma wurin manaja da la'asar. Fili ya cika, mutanen Bagudo sun iso, hakimi da baƙinsa sun zauna, 'yan makaranta na riƙe da ƙananan tutoci kore da fari. Na raɗa masa abin da na ji. Fuskarsa ta canja, amma da ya dubi taron nan sai ya girgiza kai. Ya ce a aika a ce wa masu gayya su matsa daga turken, shi ke nan. Na ce masa wanda ke jan gayyar ubana ne, kuma ya riga ya ƙi. Ya ce to a yi haƙuri zuwa gobe, Allah zai kiyaye. Na ce Allah ya riga ya kiyaye, tun da ya sa ƙararrawa ta yi kuka. Ya ce in tashi daga gabansa.

Na tashi. Na hau tudu, na shiga ɗakin inji, na ce wa mai kula da inji ya fita, laifin duka nawa ne. Na kama hannun babban makunni na ja shi ƙasa, na tsayar da injunan, na zare fis na zuba a aljihu, na datse ƙofa da kwaɗo. Ban taɓa jin shiru irin na lokacin nan ba. Daga kan tudu ina hango kawunan masu gayya can cikin ruwa, ƙanana, suna ta aikinsu, ba wanda ya ko ɗago. Hawaye ya zubo mini, kuma ba na baƙin ciki ba ne.

Abin da ya biyo baya kun ji shi a bakin mutane, kuma a nan ba su yi ƙarya ba. Magariba ta yi, hakimi ya ɗora hannu a kan makunnin da na yi wa ado da ƙyalle, ya danna, ko ƙyas. Aka aiko, na ƙi buɗe ƙofa. Manaja ya zo da kansa, na ce sai dai a ɗaure ni. Aka koma aka kunna fitilun ƙwai da aci-balbal, aka yi kiɗa aka yi rawa, don makaɗi ba ya buƙatar lantarki. Amma kafin a watse labari ya gama fili. Gwaggo ta ce da kunnenta ta ji na ce wuta na gudu wata ƙasa. Wani ya ce ya ga na binne waya ta nufi iyaka. Wani ya rantse ya ga sama ta yi ja ta wajen Dahome. To ai Dahome yamma take da mu, kullum can rana ke faɗuwa, amma wa zai tsaya ya tuna da wannan?

Da gari ya waye ruwa ya haye shinkafar gangare, tun da famfo bai zuƙa ba. Na ɗauko mega, wato na'urar da ake murɗawa da hannu a gwada lafiyar waya, na sauka bakin fadama neman jirgi. Duk wanda na tambaya sai ya ce nasa na yoyo. Wani ma ya ce in je surukaina su ba ni. Ina tsaye kamar marayan zakara, sai ga Baba ya turo nasa jirgin har gabana. Bai dube ni ba.

"Shiga," ya ce.

Ya tuƙa, muka ratsa ta kan gonarsa, kawunan shinkafa na shafar cikin jirgi a ƙarƙashin ruwa. Noman shekara ke nan, kuma ni na nutsar da shi. Da ma ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Na so in wuce kai tsaye ganuwa, amma aiki ba ya son zato, sai na bi layin gaɓa gaɓa, in hau turke in raba waya, in murɗa mega, in sauko. Kowace gaɓa ta nuna lafiya har muka iso lungun da suka yi gayya.

Tun daga cikin jirgi na hango shi. Kofin tangaran da ke riƙe wayar tsakiya ya tsage biyu, waya ta zame ta kwanta a kan ƙarfen turke. Daga ƙarfen nan kuwa akwai wata waya da ke ɗaure turken don kada ya karkata, ta gangaro ta nutse cikin ruwa daidai gindin ganuwa. Duk jikinta shatin laka ne na hannuwa. Ita suke kamawa su hau ganuwa, ita suke kamawa su sauka. Na hau na ciro tsagaggen kofin, na sauko na miƙa wa Baba, na nuna masa hanyar da yatsa, daga waya zuwa ƙarfe, daga ƙarfe zuwa ruwa.

Ya juya kofin a hannunsa. Ya dubi shatin hannuwan nan, na tabbata ya gane nasa a ciki.

"Nan minjiryar take," ya ce a hankali.

"Nan take, Baba. Jiya ƙanwarta kunka ji. Da wayar hili ta huje, uwar za ta zo."

Ya sunkuya ya damƙo laka daga jikin ganuwa, ya ɗaga ta tana ɗiga.

"Da kac ce wuta na gudu ƙasa, wagga kaka nuhi?"

"Ita, Baba."

Ya dubi lakar. Sannan ya ce, "To ai wagga ita at tamu tun ba a ba mu waccan ba. Ka yi daidai, Haliru. Shinkahwa a sake shukawa."

A duk rayuwata sau ɗaya ke nan ubana ya ce na yi daidai, kuma ya ishe ni har yau. Da muka dawo na bi tsohuwar wayar fili ina dubawa, na tarar da inda fatarta ta dare, raɓa ta shige ciki. Na gwada da mega a gaban Malam Sa'idu, allura ta kwanta, alamar wuta na iya tsere mata. Ya zauna a kan wani kututture ya dafe kai, ya daɗe bai tashi ba. Kafin azahar na sa sabon kofi, na cire wayar fili daga layi, na tayar da inji. Fitilun Gwaggo uku suka kama ci daidai wa daida.

Kada ku zaci daga nan aka ɗauke ni a kafaɗa. An kunyata manya a gaban baƙi, kuma ƙarar da aka kai sama ta riga ta tafi. Aka sallame ni saboda ƙin bin umarni. Malam Sa'idu ya yi ƙoƙarin janye maganar, bai samu ba, ya zo har zaurenmu ya ba ni haƙuri, mun kuma yi zumunci da shi har ya bar duniya. Baba ya tashi a masallaci ya faɗi abin da ya gani, shi da ba ya magana a taro. Wasu suka yarda. Amma ku sani, wahalar aikinmu ke nan, idan ka yi shi daidai ba abin da ke faruwa, abin da bai faru ba kuwa ba shi da shaida. Mutane sun ga duhu da idonsu, sun ga shinkafa a ruwa, gawar da ba a yi ba ce ba su gani ba. Ga shi kuma labarin satar wuta ya fi gaskiya daɗin faɗi a bakin kasuwa.

Abin dariya, da aiki ya ƙare ba inda na samu abin yi sai wurin yayyen Ramatu. Muka ƙetara, na shiga gyaran injin niƙa da injin jirgi a garuruwansu. Mutanen Kende suka tafa hannu suka ce, kun gani ko, ya bi wutarsa. Ranar da za mu tafi Gwaggo Tumba ta cika mana kwando da bandar kifi, tana kuka tana faɗa.

"An ce ka sa ma wani akwati sunana, ɗan nema."

"Na sa, Gwaggo."

"To ita takwarar tawa, in ta yi ihu, gaskiya taka hwaɗi?"

"Kullum."

"Ta hi ni, ke nan," ta ce, ta share hanci da bakin zane. "Ni ihun kaɗai niy iya."

Ba mu daɗe a can ba ƙasa ta fara shimfiɗa layuka ko'ina, aka shiga neman masu aikin wuta ido rufe. Wanda ya kawo sunana kuwa Malam Sa'idu ne, ya ce musu ya san wani mai taurin kai da ba ya wasa da ƙararrawa. Daga nan na ƙare ƙarfina ina kafa irin Gwaggo a tashoshin wuta, manya da ƙanana, ina koya wa samari. Na'urorin yanzu sun fi tawa wayo nesa ba kusa ba, har suna nuna layin da ke da laifi, wasu ma su yanke shi da kansu. Abin da nake gaya wa yaran dai bai canja ba, cewa ranar da komai ke tafiya lafiya amma fitila ɗaya ta dushe, ranar ce ta tashi tsaye. Na kuma rayu har na ga an kunna lantarki a Bagudo, na ga jikokina suna karatu a ƙarƙashinsa. Ƙasar da aka ba mu ranar nan ta yi tuntuɓe ba sau ɗaya ba, amma ni ban fid da rai da ita ba, don na ga yaran da na koyar sun fi ni iyawa.

Saura abu ɗaya. Ɗan Illo da minjirya ta buga sau biyu, a lokacin saurayi ne, ko aure bai yi ba. Shi ne daga baya ya haifi Hajara, matar babban ɗana. Ku jikokina na ɗakin Hajara, kakanku na wajen uwa yana riƙe da wayar nan da hannu biyu, ruwa har ƙirjinsa, a yammacin da na ja makunni. Na ce abin da bai faru ba ba shi da shaida, to na yi kuskure, ga ku nan kuna cinye mini ƙosai kowace safiya.

Don haka kada wanda ya sake fasa bakin kowa a kaina. Sunan ya zama nawa, na biya shi da aikina da shinkafar ubana, kuma ina son abina. Idan wani ya tare ku a kasuwa ya ce, 'ya'yan Wace-Ƙasa, ku tsaya ku gaishe shi da ladabi. In ya sake tambaya wace ƙasa, ku nuna masa ƙarƙashin ƙafarsa, ku ce wadda ubanka ya tsaya a kai ranar biki, ya koma gida da ƙafarsa.